Filin Tambaya da Amsa: Kalmomin Turanci Masu Farawa da J

TAMBAYA: Assalamu alaikum malam, ni ɗaliba ce daga Zariya. Ina kallon ƙwallo da yayana sai na ji mai sharhi ya kira wata ƙungiya juggernaut, na duba ƙamus na ga ma'anar amma ban gane daga ina kalmar ta fito ba, don ko kama da Turanci ba ta yi min ba. Sannan mun yi musu da shi, ya ce wai jarka ba Hausa ba ce. Don Allah a raba mana gardama, in da hali a ƙara min da jumbo da jubilee.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar uwa, gaskiya tambayarki ta yi min daɗi, kuma kunnenki bai yaudare ki ba, juggernaut ba asalin Turanci ba ce, daga Indiya ta taso. A garin Puri da ke jihar Odisha akwai wani babban wurin bautar mabiya addinin Hindu, abin bautar da ke ciki sunansa Jagannath, a harshen Sanskrit jagat na nufin duniya, natha kuma mai mulki. To duk shekara wajen watan Yuni ko Yuli suna wani biki da suke kira Rath Yatra, sai su ƙera manyan kekuna uku na katako, sabbi fil kowace shekara, wanda ake ɗora Jagannath a kai ƙafafunsa 16 ne kuma tsayinsa ya haura ƙafa 40, ki kwatanta gidan bene yana tafiya a kan titi, dubban mutane sun kama igiyoyi masu kauri suna ja har kusan kilomita 3. Wani malamin coci ɗan Italiya mai suna Odoric ya yi balaguro zuwa gabas a ƙarni na 14, ya ba da labarin mutane suna faɗawa ƙarƙashin ƙafafun irin wannan keke yana murƙushe su, daga baya Turawan mulkin mallaka suka yi ta maimaita zancen suna ƙara masa gishiri, ni dai a ganina ba su yi wa mutanen Puri adalci ba don an ɗauki bikin jama'a guda an mayar da shi labarin ban tsoro. Daga nan kalmar ta zama sunan duk wani abu mai ƙarfi da in ya taso ba mai tare shi, shi ya sa mai sharhin ya kira ƙungiyar haka. A Ingila ma babbar tirela haka suke ce mata.

Maganar jarka kuwa, ki yi haƙuri, yayanki ne da gaskiya. Aro muka yi daga jerrycan. Jerry laƙabi ne da sojojin Birtaniya suke kiran Jamusawa da shi, kalmar can kuma a Turanci tana nufin gwangwani. Jamusawa ne suka ƙera ta a shekarun 1930 saboda sojojinsu, ta ƙarfe mai cin lita 20, da hannuwa uku a sama, in mutum ɗaya ne ya kama na tsakiya, in ta yi nauyi mutum biyu kowa ya kama na gefe. A yaƙin duniya na biyu cikin saharar arewacin Afirka gwangwanayen man Birtaniya marasa ƙwari ne, suna ta yoyo mai na zubewa a rairayi, sai sojojinsu suka koma tsintar na Jamusawa, ƙarshe dai suka kwaikwaya suka riƙa ƙerawa da kansu. Yau ga ta nan ta roba ruwan ɗorawa jere a kurar mai ruwa da gaban 'yan bumburutu, mun lanƙwasa sunan ya zauna daram a bakinmu har da jam'i, jarkoki, don haka kema ba ki faɗi ƙasa warwas ba, yanzu kam ta zama tamu.

Jumbo sunan wata giwa ce namiji da aka kamo daga yankin Sudan tana ƙarama, aka kai ta Faris, daga can zuwa gidan namun daji na Landan a 1865. A 1882 wani ɗan Amurka mai shirya wasannin nishaɗi, P. T. Barnum, ya saye ta, ya tallata girmanta har sunan ya koma ma'anar duk wani abu ƙato. Jirgin ƙasa ne ya buge ta ta mutu a Kanada a 1885, wallahi duk sanda na tuna nisan da aka kai dabbar nan daga dajinta sai na ji tausayinta. Jirgin Boeing 747 da ya sha kwasar alhazanmu daga Kano zuwa Jidda, jumbo jet da ake ce masa sunan giwar nan ya gada.

Jubilee kuma daga yobel take a Ibraniyanci, wato ƙahon rago, wanda Bani Isra'ila suke busawa bayan kowace shekara 50 don shelar 'yanta bayi da mayar wa kowa gonarsa ta gado. Shi ya sa da Najeriya ta cika shekara 50 da samun 'yanci a 2010 kika ji ana ta cewa golden jubilee. Ki gaida yayanki, ki ce masa wannan karon ya ci.