Amsa ga mai son zuwa bikin fina-finai na duniya

Assalamu alaikum. Ɗan'uwa, ka tambaya ko mutumin da ba ɗan fim ba kuma ba ɗan jarida ba zai iya halartar ɗaya daga cikin manyan bukukuwan baje kolin fina-finai na duniya, ya kalli sababbin fina-finai kafin su shiga kasuwa, ya kuma ga taurari ido da ido. Zai iya, amma ya danganta da bikin da ya nufa da kuma abin da ya sa a gaba, domin kallon fim da ganin tauraro buri ne guda biyu waɗanda suke cin lokacin juna. Na halarci bikin Toronto na ƙasar Kanada sau biyu, na kuma je na Berlin a Jamus sau ɗaya, kowace tafiya da tikitin da na saya kamar kowane ɗan kallo, kuma a kan haka zan yi magana.

Yawancin mutane Cannes suke fara ambata, saboda shi ya fi suna. Ana yin sa a kudancin Faransa cikin watan Mayu, an kuma fara shi ne a shekarar 1946, sai dai biki ne na masu sana'a: furodusoshi da daraktoci da dillalan fina-finai da 'yan jarida. Ba a sayar wa jama'a tikitin fina-finan babbar gasa, sai mai katin shaidar da hukumar bikin ta ba shi ko mai takardar gayyata, shi ya sa ake ganin mutane sun ci ado suna tsaye a bakin zauren riƙe da kwali suna roƙon wanda yake da rarar tikiti. Akwai shiri na kwana uku da ake buɗe wa matasa 'yan shekara 18 zuwa 28, akwai kuma majigi da ake haskawa kyauta a bakin teku da dare, amma ba zan ba wanda zai yi tafiyar farko shawarar ya fara daga can ba. Bikin Venice ta Italiya, wanda shi ne mafi tsufa tun da an fara shi a 1932, yana sayar wa jama'a tikiti, sai dai a tsibirin Lido ake yi, kuma masauki a wurin ba ya samuwa da sauƙi.

Berlin da Toronto su ne bukukuwan 'yan kallo. Na Berlin, wanda aka kafa a 1951, yana sayar da tikiti sama da 300,000 a shekara, kuma ana sakin tikitin kowane fim kwana uku kafin a haska shi, saboda haka kowace safiya mutum yana kan intanet yana rububin na kwana uku masu zuwa. Matsalarsa ita ce cikin Fabrairu ake yi, lokacin da sanyi yake ratsa ƙashi, kuma tsayuwar awa biyu a waje don jiran tauraro ba ƙaramin aiki ba ne. Na Toronto kuwa, wanda aka fara a 1976, kwana goma sha ɗaya ake yi a farkon Satumba, yanayi da sauƙi, manyan zaurukan kuma suna kusa da juna a kewayen titin King, wanda ake rufe wani sashe nasa a kwanakin farko don masu tafiya a ƙasa. Babbar kyautarsa ma 'yan kallo ne suke zaɓa da ƙuri'arsu, kuma fina-finan da suka ci ta a 2008 da 2010 da 2013 da 2018 da 2020 duk sun je sun lashe kambun Oscar na fim mafi kyau. Wannan ne dalilin da ya sa manyan kamfanoni suke kawo taurarinsu can, domin daga nan ake fara neman ƙuri'un kakar kyaututtuka.

Game da ganin taurari, bari in gaya maka abin da ya faru da ni a zuwana na farko. Na tsaya a bayan shingen ƙarfe kusa da jan kafet tun da la'asar, na yi kusan awa huɗu a cikin cunkoso, har na bar wani fim da na riga na sayi tikitinsa ya wuce ni. Da motocin suka iso, jarumin da muke jira ya fito, ya ɗaga hannu, ya sa hannu a kan hotuna biyu ko uku na waɗanda suke sahun gaba, sannan masu tsaronsa suka juya shi wajen masu ɗaukar hoto. Duka-duka bai kai minti biyu ba, kuma mafi yawan abin da na gani wayoyin mutane ne a sama. Washegari na shiga haskawar farko ta wani fim, kuma da aka kunna fitilu sai darakta da jaruman suka hau dandamali suka zauna kusan minti ashirin suna amsa tambayoyin 'yan kallo. Ina sahu na shida. Na ga yadda hannun babbar jarumar yake rawa a kan makirufo, domin ranar ce ta fara kallon fim ɗin a kammale tare da mu, na kuma ji muryarta ta sarƙe lokacin da wata dattijuwa ta miƙe ta ce labarin ya tuna mata da mahaifiyarta. Tun daga ranar ban sake tsayawa a bakin shinge ba. In kana son ganin tauraro a matsayinsa na mutum, ka sayi tikitin haskawar farko, ko da ya fi tsada, kuma ka sa tafiyarka ta dace da kwana huɗu na farkon bikin, domin bayan nan yawancin manyan taurari sun watse, daraktoci ne suke saura.

Idan tikiti ya ƙare, kada ka yanke ƙauna. A Toronto akwai layin jira na musamman a ƙofar zaure, kuma ana saura mintuna kaɗan a fara sai 'yan sa-kai su ƙirga kujerun da masu su ba su zo ba, a sayar wa na gaban layi. Ana yin sa'a sosai idan zauren babba ne kuma mutum ya zo da wuri. A irin wannan layin ne ma nake samun labarin fim ɗin da ya kamata in nema, domin wanda yake kusa da kai ya kalli wani abu jiya wanda ba ka ji sunansa ba.

Wannan ya kawo ni ga abin da na fi so ka riƙe wajen tsara jadawalinka. Fim ɗin da babban kamfani ya shirya da fitattun jarumai zai fito a silima ko a manhajojin kallo bayan wata biyu ko uku, don haka kallonsa a biki gaba kawai ka sha. Amma a cikin ɗaruruwan fina-finan da ake kawowa akwai waɗanda suka zo neman mai saye, daga ƙasashen da ba ka taɓa kallon fim ɗinsu ba, kuma da yawa daga cikinsu idan ba su sami dillali ba, ba za ka sake samun inda za ka gan su ba. Ni yanzu a cikin kowane fim uku, ɗaya ne kawai nake zaɓa saboda sunan jarumi. Kusan duka suna da fassarar Ingilishi a ƙasan allo, sai dai karanta ta yana gajiyar da ido, kuma na lura cewa bayan fim uku a rana na huɗun ba ya zama a kai. Ka bar aƙalla awa ɗaya tsakanin fim da fim, saboda tambaya da amsa tana jan lokaci, kuma wanda ya makara yana iya tarar da an ba na layin jira kujerarsa.

Batun biza da masauki kuwa, ka fara su watanni kafin lokaci, tun kafin a fitar da jerin fina-finan, domin cikakken jadawalin Toronto sai cikin Agusta yake fita, kuma a lokacin ɗakunan da suke kusa da zaurukan sun riga sun cika. Allah ya sa ka je lafiya.