Da gaske ne kuka a cikin gida tana jawo aljanu?

An tambaya ko dasa kuka a gida yana jawo aljanu, don maƙwabta sun fara tsegumi.

Maganar tana da asali. Maguzawa sun daɗe suna ɗaukar kuka da tsamiya a matsayin mazaunin iskoki, kuma tsohuwar kuka takan yi kogo, mujiya da ƙudan zuma da maciji su tare ciki. Furenta ma da dare yake buɗewa, jemagu su yi ta kewaya shi. Wanda ya ji motsi cikin duhu, da safe ai labari ya samu. Amma itacen da Kukawa ta Borno ta ci sunansa ba abin gudu ba ne: ana saɓe ɓawonsa a yi igiya, ya warke ya ci gaba da rayuwa.

Abin tsoron na gaskiya saiwa ce. Tana bazuwa nesa, ta fasa katanga ko masai, don haka ƙaramin fili bai dace da ita ba.

In za ka shuka ta, ƙwallon kuka yana da tauri. Ka goga gefe ɗaya da dutse, ka jiƙa shi kwana guda, sannan ka shuka a ƙasa mai yashi. Yawan ban ruwa yana ruɓar da saiwa. Ka kewaye shi da ƙaya, in ba haka ba awaki za su gama da shi.

In miya kake nema, riƙa datse kan kukar kada ta yi tsawo, ka shanya ganyen a inuwa, don rana tana kashe korensa. 'Ya'ya kuwa sai haƙuri, sukan kai shekara goma ko fiye kafin su zo.