Kambas na huɗu ma ya matse, in bari ya saki da kansa?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Wata shida ke nan ina ƙoƙarin ɗinka wa mahaifina kambas da hannuna, domin yana da ciwon suga kuma na kanti suna takura masa. Na yi samfuri huɗu, duk suna matse shi a 'yan yatsu. Fata tana ƙarewa, gwiwata kuma ta yi sanyi. Wani da ya riga ni shiga sana'ar ya ce Baba ya yi ta sawa, zai saki da kansa. In bi shawararsa?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah ya ba Baba lafiya, kai kuma ya yi maka albarka. Kada ya sake sa ko ɗaya daga cikin huɗun nan.

Samfuri huɗu ba asara ba ne. Amma tunda duk wuri ɗaya suke matsewa, laifin ba na ɗinkinka ba ne, na las ne, wato ƙafar katakon da kake ja wa fatar. Ko sau goma ka sake yankan kwalin da kake bi ka yanka fata, in las ɗin bai sauya ba, takalmi ɗaya kake maimaitawa. Ka auna ƙafafun Baba duka biyu da yamma, lokacin da ƙafa take ɗan kumbura, yana tsaye, da safar da zai riƙa sawa. Ka bi wadda ta fi girma, ka bar milimita 10 zuwa 15 gaban yatsan da ya fi tsawo. Sai ka manna guntayen fata a gaban las ɗin, ka goge da sanfefa har ya cika faɗi da tudu.

Wannan maganar ta "zai saki" kuwa, wallahi na gaji da jin ta. Kullum sai an faɗa, kuma masu faɗarta ba ƙafarsu ce a ciki ba. Fata takan ɗan buɗe ta wajen faɗi, ba ta ƙara tsawo. A kambas ma abin ya fi tsanani: tafin roba ya kewaye gefe kamar kwano, ga tauri da aka sa a hanci da dunduniya, ga zaren ɗinki. Wanne ne zai saki a cikinsu? Ƙafar ce take saki. Mai lafiya zai yi bororo, farce ya yi baƙi, ya ji zafi ya cire. Mai ciwon suga da ya daɗe, jijiyoyin ƙafarsa kan mutu, ba ya jin gugar. Takalmi na cin sa yana tafiya, sai an ga jini a safa. Irin wannan gyambon ba ya warkewa da wuri, kuma shi ne yake kai wasu ga yanke ƙafa. Haka masu cewa a jiƙa shi da ruwa a sa, ko a gasa shi a wuta: gam suke kashewa, fata ta bushe ta tsage, tsawon yana nan yadda yake. Wanda bai iya gyaran las ba ya ce bai iya ba, ya daina tura mutane su gyara masa da namansu.

Na biyar ɗin ka yi shi da yadi mai arha, ka sauya las kawai, kada ka taɓa komai. Ka kwantar da ɗinkin ciki ya zama sumul. Baba ya sa na minti 20 a cikin gida, ka cire, ka duba ƙafar da idonka. In ka ga wurin da ya yi ja, ka sa alama a las ɗin, ka kuma nuna wa likitansa kafin ka yanka fata.