Tambaya da Amsa: Me yasa duk ƙwayoyin suka haskaka a gwajina?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Dakta, sannu da ƙoƙari. Ni ɗaliba ce ina bincike akan garkuwar jiki, an bani antibodi masu launi in duba CD4 da CD8 a jikin fararen ƙwayoyin jini, na bi takardar yanda aka rubuta amma da na saka a na'ura kusan komai ya haskaka har wanda bai kamata ba, kuma koren yana shiga wajen ruwan lemo. Dan Allah a fahimtar dani abun tun daga tushe, sannan me yasa ake ta cewa kar haske ya taɓa kwalbar? Daga wata ɗaliba.

AMSA: Wa'alaikumus salam ƴar'uwa, Allah ya bada sa'a. Kinga fararen ƙwayoyin nan da ake kira limfosait in kika duba su a madubin lab duk kusan kamarsu ɗaya, ba zaki iya cewa wannan T ce wannan B ce ba. Abinda ya raba su shine furotin ɗin dake saman fatarsu, wato risefta (furotin masu karɓar saƙo ko kama wani abu) da sauran alamomi, waɗanda aka fara basu lambobin CD a wani taro a Faris a 1982. CD3 na kan ƙwayoyin T, CD19 na kan B, CD4 na kan T masu taimako, CD8 kuma masu kashewa. Antibodi shi kuma furotin ne mai siffar Y, hannuwansa biyu suna kama abu ɗaya tak da aka yi shi dominsa, sai a liƙa masa rini mai ƙyalli, duk inda ya kama in aka haska leza sai wajen ya dawo da haske. Albert Coons ne ya fara wannan dabarar a Harvard a 1941, amma abun bai zauna sosai ba sai bayan 1975 da Köhler da Milstein suka gano yanda za a samar da antibodi iri ɗaya sak masu yawa a Kembrij ta Ingila, aikin da ya basu kyautar Nobel a 1984.

Toh yanzu matsalarki. Abu na farko da nake zargi shine wutsiyar Y ɗin, wadda ake kira Fc. Monosait da makurofej (wasu manyan ƙwayoyin garkuwa masu cinye ƙwayoyin cuta) da ƙwayoyin B duk suna da risefta na kama wannan wutsiyar, aikinsu kenan a jiki, saboda haka zasu riƙe antibodinki ta baya ko da hannuwansa basu ga komai ba, na'ura kuwa bata san ta ina aka kama ba, haske kawai take ƙirgawa. Maganinsa ki fara zuba abun toshe Fc ko ɗan siram (ruwan da ke saura bayan jini ya daskare) ki bari kamar minti 10 kafin ki saka masu launin. Takardu da yawa basa rubuta wannan matakin dan suna ganin kowa ya sani, kuma wallahi yana cikin abubuwan da suka fi ɓatawa ɗalibai aiki. Sannan ki sani monosait na ɗan adam da gaske suna da CD4 kaɗan a jikinsu, shi yasa ake haɗawa da CD3, sai ki ware masu CD3 tukunna ki duba CD4 da CD8 a cikinsu.

Matattun ƙwayoyi suma suna shanye antibodi ba tare da zaɓi ba saboda fatarsu ta huje, in jinin ya daɗe a ajiye ko an wujijjiga shi da ƙarfi zasu yi yawa, ki saka rini irin 7-AAD da yake shiga matattu kawai ki fitar dasu daga lissafi. Kuma kar ki ɗauka yawan antibodi shine kyau, ki gwada rabi, kwata, da ƙasa da haka ki ga inda masu haske da marasa haske suka fi rabuwa, sannan ki wanke sau biyu.

Maganar kore da ruwan lemo kuwa ba laifinki bane, haka rinin yake. FITC, wato koren rinin, yana shan shuɗin leza mai nanomita 488 (ma'aunin tsawon zangon haske) ya fitar da kore wajen 520, PE kuma, wato rinin ruwan lemo, da ake samu daga jan gansakukan teku yana fitarwa wajen 575, amma hasken FITC baya tsayawa cak a 520, yana da jela da take zarcewa har cikin idon na'urar da aka ajiye dan kama hasken PE. Dole ki haɗa tub mai FITC shi kaɗai, wani mai PE shi kaɗai, wani ba komai, da su kwamfuta zata lissafa nawa ne ya zuba ta cire. In ba kiyi wannan ba, toh zaki ga ƙwayoyi masu CD4 da CD8 a tare da yawa alhali a jinin mai lafiya kaɗan ne ƙwarai. Kuma abun nan ba na lab kaɗai bane, da irin wannan gwajin ake ƙirga CD4 na masu ɗauke da HIV, inda sauka ƙasa da 200 a maikurolita ɗaya ke nuna garkuwa ta yi rauni sosai.

Haske kuma yana ƙona rinin ne, duk lokacin da ya sha haske wani ɓangare yana lalacewa baya dawowa, FITC na cikin masu saurin dushewa. Ki nannaɗe tub da takardar alminiyam, kwalbar ta zauna a firij tsakanin digiri 2 zuwa 8, kar ki saka PE a firiza dan ƙanƙara tana lalata shi. Ki sake gwajin da toshe Fc da tub na launi ɗaiɗai, in har yanzu komai yana haskakawa ki rubuto mana da sunan rinin da adadin da kika zuba mu duba tare.