Biyan kuɗin takardar rasuwar kaka da ya rasu a Ingila

Malam, ka ce kakanku ya rasu a Liverpool, kuma wani shafi na neman kuɗi masu yawa kafin ya ba ka takardar rasuwarsa. Allah ya jiƙansa. Dakata tukuna, kada ka biya.

Fara da FreeBMD ko FamilySearch, shafukan intanet da ake bincika jerin sunayen waɗanda aka yi wa rajistar rasuwa, kyauta ne. Nemo sunansa, shekarar rasuwa, gunduma da lambar kundin rajista da ta shafin da sunan yake a cikinsa. Gwada rubutun sunan iri-iri, don Muhammadu kan koma Mohamed ko Momodu a hannun magatakardan Turawa. Masu gaggawa kan sayi takardar wani daban.

Idan ka tabbatar shi ne, sai ka saya kai tsaye daga General Register Office, ofishin gwamnati mai riƙe da rajistar Ingila da Wales tun 1837. Sauran galibi dillalai ne, can suke sayowa su ɗora riba. Scotland tana da nata, ScotlandsPeople.

Tambayi bankinka ko katinka yana biya da fam. Kula da “gwajin kyauta” na shafukan binciken asalin iyali irin Ancestry: idan ba ka soke ba, za a fara cirar kuɗi.

In maganar gado ce ko ɗan ƙasanci, kwafin PDF, wato hoton takardar da ake saukewa ta intanet, ba ya wadatarwa. Nemi takarda mai hatimi, ka ga lauya.