Furen okid ɗina ya bushe, ko ya mutu ne?

TAMBAYA: Anti, bara da farkon damina na tono wani furen okid mai launin shunayya a gindin duwatsun Shere da ke kusa da Jos, na dasa a tukunya. Da hunturu ya shigo sai ganyen ya bushe ƙurmus. Kullum ina ba shi ruwa, shiru. Daga mai karatu a Bukuru.

AMSA: 'Yata, ki dakata da ruwan nan tun yau! Irin wannan okid na ƙasa, dangin Eulophia, barci yake yi da rani, abincinsa na cikin curin da ke ƙarƙashin ƙasa. Ruwa a sanyin Jos shi ke ruɓar da shi. Haka na rasa nawa na farko, na tono na tarar ya yi laushi kamar dafaffen dankali, har yau abin na damuna.

Tona a hankali ki taɓa curin. In da tauri, da ransa. Ki mayar da shi tukunyar ƙasa mai huda, ki gauraya tsakuwa, yashi da ruɓaɓɓen ganye, ki ajiye a inuwa sai ruwan Afrilu ya sauka.

Amma don Allah kar ki ƙara tono na daji. Ƙwayoyin irinsa ƙanana ne kamar ƙura, ba sa tsira sai da wani naman gwari na cikin ƙasar wurin.