Malam, ya halatta in dinga zuwa taron masu barin giya alhali a ginin coci ake yi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam, Allah ya ƙara lafiya. Dan Allah a sakaya sunana. Ina zaune a Bronx ta New York, tasi nake tuƙawa, jarabar giya ta kama ni, in tuba in koma in tuba in koma har kunyar ɗaga hannu in roƙi Allah nake ji. Likita ya ce in dinga zuwa taron AA, wato ƙungiyar masu taimakon juna su bar giya, to wanda ke kusa da ni a ƙasan wani coci ake yi, kowa ya faɗi halin da ya shiga, a ƙarshe a riƙe hannu a yi addu'a. Abokina ya ce wannan tona wa kai asiri ne kuma zama ne da waɗanda ba musulmi ba. Mene ne gaskiya?

AMSA: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Ɗan'uwa ka je, ya halatta, in ma ita ce hanyar da ta rage maka to zuwan ya zama dole, don barin giya wajibi ne da nassin aya ta 90 a Suratul Ma'ida, kuma abin da wajibi ba ya cika sai da shi shi ma wajibi ne.

Kunyar nan da ta hana ka addu'a daga Shaiɗan take. A Bukhari akwai sahabin da ake ta kawowa saboda shan giya, wani ya tsine masa, Annabi (SAW) ya hana, ya ce yana son Allah da ManzonSa.

Abokinka yana nufin hadisin da ya ce dukkan al'ummata ana yafe musu ban da masu bayyanawa, hadisin ingantacce ne, sai dai ya ajiye shi ba a muhallinsa ba. Wanda ake nufi shi ne mutumin da Allah ya rufa wa asiri da dare, gari ya waye ya zo majalisa yana cewa wane jiya na yi kaza da kaza, yana jin daɗi. Wanda ya faɗa don neman mafita hukuncinsa daban, ai mutumin da ya kusanci matarsa da rana a Ramadan da ƙafarsa ya zo ya ce ya Rasulallahi na halaka, ba a ce masa me ya sa ka tona kanka ba, kaffara aka nuna masa. Ka faɗi gwargwadon buƙata, kar ka ambaci sunan kowa, kar ka tsaya siffanta daɗin abin. Su ma a ƙa'idarsu sunan farko kawai ake faɗa, kuma ba a tilasta kowa ya yi magana, kana iya zama ka saurara.

Maganar coci kuwa, AA ba ta coci ba ce. A 1935 ta fara a Akron ta jihar Ohio, Bill Wilson da wani likita Bob Smith suka kafa ta, dukkansu giya ta wahalar da su, kuma yawanci ɗaki kawai coci ke ba masu taron aro ko haya. Shiga ɗakin da ba ibada ake yi a ciki ba babu laifi, amfana da ƙwarewar wanda ba musulmi ba ma haka, Abdullahi bin Uraiƙiɗ da ya nuna hanya ranar Hijira mushiriki ne a lokacin.

Inda za ka kula shi ne addu'ar rufewa. Wasu da addu'ar Kiristoci suke rufewa wadda ake kiran Allah Uba, wannan haramun ne ka faɗe ta ko ka ce amin, ka yi shiru ka yi istigfari a ranka ko ka fita kafin a fara. In sun ce ka miƙa lamarinka ga ƙarfin da ya fi ka yadda ka fahimce shi, kai Allah ne Shi kaɗai. A cikin matakan barin giya da suke bi, matakin da suke cewa ka gaya wa wani mutum kurakuranka, ka ɗauke shi neman shawara, gafara ba ta hannun ɗan Adam. Wanda kuma suke cewa ka nemi waɗanda ka cuta ka gyara, wannan dama sharaɗin tuba ne a wurinmu, mu ne ma muke sakaci da shi. Ka nemi taron maza zalla, akwai su, manhajar Meeting Guide tana nuna na kusa da kai da lokacinsu, kyauta ne. Wanda zai zama mai lura da kai ma namiji ka zaɓa. Akwai kuma Millati Islami, ƙungiya irin AA da musulmi suka kafa a Baltimore a 1989, in ka samu nasu ko ta intanet ne ya fi, amma kar ka zauna jira. Abin kunya ne a ce masallatanmu ba su da irin wannan zama, sai dai tsinuwa daga kan mumbari.

Wani abu mai hatsari, in kullum kake sha kar ka yanke dare ɗaya kai kaɗai a ɗaki. Jiki na iya ɗaukar karkarwa da farfaɗiya da gane-gane cikin kwana 2 zuwa 3, har a rasa rai. Ka koma wa likitan nan ka gaya masa gaskiyar yawan da kake sha ya tsara maka magani. Kuma haramun ne ka riƙe sitiyari da ko kurɓi ɗaya a cikinka, rayukan mutane ka ɗauko.

Wallahu a'alam.